Babi na Shida: Tattasai a Gaban Shari'a

Wanda ya taɓa sauka kwarin Komadugu a watan Janairu ko Fabrairu, kafin shekarar 2015, ba zai manta da jan da ke shimfiɗe a kan rairayi ba. Tattasai ne ake shanyawa, fili bayan fili, daga wajajen Shetimari har Gueskerou da Bosso, ƙamshinsa na sa baƙo atishawa tun bai fito daga mota ba. Manoman Mobar, wani reshe na Barebari, su ne iyayen gijin wannan noma. Suna yin reno da damina, su dasa kafin ruwan kogi ya cika, su yi ta ban ruwa da inji har lokacin tsinka. Ƙididdigar da aka fi ambata a wancan zamani ta ce jihar Diffa na fitar da kimanin tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, wato wajen kashi 80 cikin ɗari na abin da Nijar duka ke nomawa, kuma mafi yawansa Najeriya yake tafiya. Ɗan'uwansa a fatauci shi ne banda, kifin Tafkin Chadi da ake ƙyafewa a cusa a kwali, a ɗora a mota sai Maiduguri, sai Haɗeja, sai kudancin Najeriya. A rahoton da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2017, ta ƙiyasta cewa waɗannan kaya biyu suna shigo wa yankin da sefa miliyar 28 a shekara kafin rikici. Shi ya sa a Diffa, mai nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, naira ta fi sefa yawo a aljihu.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, abin da ya kwantar da 'yan kabu-kabu rana ɗaya. Aka sa dokar hana fita da dare. Aka rufe wasu kasuwannin ƙauye. Aka ƙuntata sayen man fetur da takin zamani. Sannan aka hana kamun kifi da cinikinsa, aka tsayar da fataucin tattasai. Bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu, inda sojoji da fararen hula da dama suka mutu, hukuma ta ba mazauna tsibiran tafki wa'adin kwanaki su tashi, dubban mutane suka taka da ƙafa cikin zafin bazara zuwa N'Guigmi da Bosso. Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens ya yi magana a kan yadda aka kwashe su, aka tsare shi a watan Mayu na wajen kwana goma.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da hujja. Tana da ita. Takin ure ana haɗa bam da shi. Da babur ake kai hari a ɓace. 'Yan bindiga kuwa suna karɓar haraji daga masunta da manoma da direbobi, kuma bayan ƙungiyar ta rabe a 2016, ɓangaren da ya kafu a tafki ya mayar da wannan haraji tamkar na hukuma. Mai mulkin da aka kashe masa sojoji da safe, da wuya ya zauna yana lissafin buhun tattasai da yamma. Abin da nake so mu duba a wannan babi daban ne: me ke faruwa da dokar da ta shiga tsakanin mutum da tukunyarsa, idan waɗanda aka yi wa ita, har da waɗanda aka ɗora wa aiwatar da ita, ba su yarda a ransu cewa mai karya ta mai laifi ne ba?

Turawan Ingila suna da tsohuwar amsa ga wannan tambaya, kuma ba da gangan suka ƙirƙiro ta ba. A tsarinsu, babban laifi ba alƙali ne kaɗai ke yanke shi ba. Ana zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin gari, mai shago da maƙeri da manomi, a zaunar da su su saurari shaidu, su ne za su ce an aikata ko ba a aikata ba. Ana ce musu juri. A shekarar 1670 aka gurfanar da William Penn da William Mead a Landan saboda wa'azi a kan titi, alhali doka ta hana taron ibada a wajen cocin gwamnati. Babu mai musun cewa Penn ya yi wa'azin. Amma 'yan juri suka ƙi cewa yana da laifin da ake tuhumarsa. Alƙalai suka fusata, suka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, daga baya suka ci kowannensu tara. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya zauna a kurkuku har ƙararsa ta kai gaban babban alƙali John Vaughan, wanda ya yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya yanke. Tun daga nan ƙofa ta buɗe. Idan juri ya wanke mutum, magana ta ƙare, ba a tambayarsu dalili, galibi kuma ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi. Don haka talakawa goma sha biyu za su iya duban doka, su dubi mutumin da ya karya ta a fili, su ce ya tafi gida. Ba su soke dokar ba, tana nan a littafi. Haƙoranta kawai suka cire a wannan rana.

A Amurka an yi amfani da wannan dama wajen sakin waɗanda suka taimaki bayi gudu bayan dokar kamo gudaddun bayi ta 1850, aka kuma yi amfani da ita a zamanin haramcin giya, daga 1920 zuwa 1933. A zamaninmu ta sake ɓullowa a kan abin da zai ba Bahaushe dariya, wato madara. Tun 1987 hukumar abinci ta tarayyar Amurka ta hana ƙetare iyakar jiha da madarar da ba a dafa ba don sayarwa, saboda ƙwayoyin cutar da takan ɗauka, jihohi da yawa kuma suna da nasu sharuɗɗan. A 2012 juri ya wanke wani mai suna Alvin Schlangen a Minnesota, a 2013 kuma wani juri a Wisconsin ya wanke manomi Vernon Hershberger daga tuhuma uku cikin huɗu. Hujjar waɗanda aka gurfanar ita ce masu shan madarar baligai ne, sun san abin da suke saye, sun zaɓa da kansu. Da za a kawo wannan doka kasuwar Diffa ranar Talata, ban san Bafulatana nawa za a bari da ƙwarya a ka ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani, sai dai ta wata ƙofa ya shigo mana. Duk almajirin da ya yi karatun Muwaɗɗa ya san labarin bayin Haɗibu da suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya fara ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya janye, domin ya gane ubangidansu ne ke barin su da yunwa. Ya juya kan ubangidan, ya sa shi biyan ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 a maimakon 400. Malamai kuma suna kawo cewa a shekarar yunwar nan ta Ramada bai zartar da haddin sata ba. Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin kotunanta, tana da nata labarin. A 1898 wani alƙali a garin Château-Thierry, Paul Magnaud, ya saki Louise Ménard, matar da ta ɗauki burodi bayan ta yi awa 36 ba ta ci komai ba, ga ta da ƙaramin yaro. Kotun ɗaukaka ƙara ta Amiens ta tabbatar da sakin. A duka waɗannan labarai akwai wuri ɗaya da aka tanada, a bainar jama'a, inda wani mai iko ko wasu talakawa za su iya cewa: haka ne, ya yi, amma ba za mu hukunta shi ba.

A Diffa ta 2015 babu wannan wuri. Wanda aka kama da kwalin banda ko jarkar fetur ba ya zuwa gaban maƙwabtansa goma sha biyu. Idan abin ya yi sauƙi, a ƙwace kayan. Idan ya yi tsanani, a liƙa masa tuhumar taimakon 'yan ta'adda, tuhumar da ke ɗauke mutum daga bakin Komadugu ta kai shi hannun kotu ta musamman a Yamai, da gidajen kaso irin su Kollo da Koutoukalé. Sama da mutum dubu daga wannan jiha sun yi zaman jiran shari'a a can, wasu shekara biyu, wasu fiye, kuma da aka zo yin shari'ar an saki da yawa saboda babu hujja. Sai a 2018 aka fara kawo zaman kotun garin Diffa kansa, inda dangi za su iya halarta.

To amma rashin juri bai hana a cire wa dokar haƙora ba. An cire mata, sai dai a ɓoye. Kifi bai daina isa Haɗeja ba. Tattasai bai daina isa Kano ba. Hanya ce ta sake, ta yi tsawo, ta bi ta Damagaram ko ta wasu mashigai na yamma maimakon Damasak da Maiduguri. Kwalin da aka saba ɗorawa a fili ya koma ƙarƙashin wasu kaya. Mai unguwa ya san wanda ya sauka rafi da asuba, ya kau da kai. Limami ya ci tuwo da miyar kifi a gidan suna bai tambayi asalinta ba. A shingen hanya kuma akwai wata gajeriyar hira da duk direba ya haddace.

"Me ka ɗauko, Baba?"

"Ɗan abin miya ne, yallaɓai. Iyali suna da yawa."

Daga nan hannu ya yi abin da baki bai faɗa ba, a ɗaga sanda.

Wani zai ce ai wannan shi ne jurinmu, jama'a sun yanke hukunci da ƙafafunsu. Na daɗe ina ɗaukar abin haka, har ina jin daɗinsa. Daga baya na lura da bambancin da ya rushe kwatancin. Ɗan juri ba a biyansa don ya yi afuwa. Edward Bushel yunwa ya sha da kurkuku. Afuwar shinge kuwa da farashi take zuwa, kuma farashin na hawa daidai da tsananin dokar. Babban ɗan kasuwa mai motoci da sanayya ya iya biya, har ma ya ƙara samun riba, tunda ƙananan abokan takararsa sun fita daga kasuwa. Wanda ya rasa shi ne ƙaramin manomin da ya ci bashin taki da mai a kan alkawarin buhu idan an tsinke, da matan da ke tsinka a biya su da awo, da Buduma, masuncin tafki, da aka raba da kwalekwalensa aka ajiye shi a bukkar leda a gefen kwalta. Bayan harin Bosso na 3 ga Yunin 2016, gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ya cika da irin waɗannan bukkoki. Mutanen da ke ciyar da kasuwannin ƙasa biyu suka koma jiran layin rabon gero. Kuma tunda a ɓoye aka karya dokar, babu wani rubutaccen hukunci da zai isa teburin minista ya gaya masa cewa mutanensa sun ƙi. A Amurka, yawan wanke masu sayar da giya ya zama saƙo ga 'yan majalisa. Saƙon Diffa ya tsaya a aljihun mai tsaron shinge. Sai a Oktoban 2017 aka sanar da ɗage haramcin tattasai, na kifi kuma sai a 2019.

Yanzu bari mu juya kwalin mu duba ƙasansa, domin akwai abin da masu kare 'yancin ciniki ba sa son a taɓo. Banda tana da maƙiya: ƙuda tun tana ɗanya, sannan ƙwaro mai cin ta ya bar gari idan ta daɗe a ajiye. Wasu masu sana'ar, ba duka ba, suna yayyafa mata maganin ƙwari don ta kai kudu lafiya. A da gamalin aka fi sani, wanda sinadarinsa, lindane, ya shiga jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009. Yau an fi jin sunan fiya-fiya da sauran magunguna masu sinadarin dichlorvos. Wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a watan Yunin 2015, daidai lokacin da ake farautar kwalayen kifi a Diffa don wani dalili daban. Shi ma tattasai ba ya tsira, domin ɗarɓa da sauran ƙwari na sa manomi feshi a kai a kai, sau da yawa da maganin da aka sayo a kasuwa ba tare da ya iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba. Ka kuma lura da wani abu: haramci ya tsawaita hanya, ya tilasta ɓoyo da jira, kayan da ke jira kuwa su ne ƙwaro ke ci. Hankali kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda wannan zai kai mai kwali.

A nan ne hujjar manomin Wisconsin ta gaza mana. Masu sayen madararsa sun san ɗanya ce, sun je har gonarsa da ƙafarsu. Matar da ta sayi tarwaɗa a kasuwar Kano ko ta Maraɗi ba ta zaɓi komai ba, ba ta ma san akwai zaɓi ba. Mutum na da iko a kan cikinsa, ya sha ɗanyen nono, ya ci kilishin da ya kwana wata shida, ruwansa. Ba shi da iko a kan cikin ɗan wani. Musulunci ya ware wannan tun farko: ga labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Daga nan aikin muhtasibi ya samo tushe, mai duba mudu da sikeli da ingancin abin da ake sayarwa, aikin da malaman Sakkwato suka yi rubutu a kansa cikin littattafansu na mulki. Irin wannan sa ido babu mai hankalin da zai kira shi zalunci. Mutanen Kano sun ga abin da rashinsa ke jawowa a Maris na 2021, lokacin da gurɓataccen garin haɗa lemo da ɗan tsami ya kwantar da ɗaruruwa, wasu suka rasu. Mutanen Tibiri ta Maraɗi kuwa sun ga wanda ya fi muni, domin ruwan famfon hukuma ne da kansa, mai ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ƙima, ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa tun daga tsakiyar shekarun 1980 kafin a farga.

Ga inda takaicina yake. Gwamnatin da ta iya tsayar da kowace motar kifi daga N'Guigmi zuwa Maine-Soroa don ta bincika ko kuɗin zai faɗa hannun 'yan bindiga, ta nuna cewa tana da hannun da zai kai ga kwali. Hannun nan bai taɓa zuwa da wannan ƙarfi don ya duba ko akwai guba a ciki ba. Shekara huɗu ana koya wa mai banda cewa jami'in da ya tsayar da shi abokin gaba ne ko abokin ciniki, cewa doka a kan abinci abu ce da ake zagayewa, cewa mai tona asiri maci amana ne. Darasi ne da ba ya gogewa da sanarwar gwamna. Gobe idan ma'aikacin kiwon lafiya ya zo da gaskiyarsa ya ce wannan kwalin ba zai shiga kasuwa ba, da wace fuska za a karɓe shi? Za a miƙa masa abin da aka saba miƙawa, maƙwabta kuma su rufa wa mai kwalin asiri da irin zumuncin da suka rufa wa mai tattasai.

Kada kuma mu yi wa juri kwalliyar da bai da ita. A 1955, a jihar Misisipi, fararen fata goma sha biyu sun wanke mutum biyu da suka kashe yaro baƙar fata, Emmett Till, mai shekara 14, kuma daga baya mutanen biyu suka amsa wa wata mujalla cewa su suka yi. Ƙofar da Penn ya fita ta ita suka fita. Da a ce an tara 'yan kasuwar kifi goma sha biyu su yi wa ɗan'uwansu mai yayyafa fiya-fiya shari'a, ba na tsammanin za su ɗauki lokaci kafin su ce ya tafi gida, domin wanda zai sha gubar yana can nesa, ba ya cikin ɗakin, ba su san sunansa ba. Tausayin jama'a na kaiwa ga wanda ido ke gani. Sayyidina Umar da ya sassauta wa bayi bai bar mai raƙuma hannu sake ba, ya nemo wanda zai biya shi. Wannan ɓangare na biyu shi ne ke ɓacewa a afuwar juri, kuma shi ne ke ɓacewa a afuwar shinge.

Tattasai ya koma shanya a wasu wurare na kwarin, duk da cewa ambaliyar 2019 da ta 2022 sun cinye gonaki da yawa, kuma akwai gaɓar kogin da har yanzu manomi ke shiga da fargaba. Kwalayen banda sun dawo fili. A rumfunan kifi, mata masu cefane suna da nasu gwajin da suka koya daga bakin juna. Mace za ta ɗaga kifin ta shinshina, ta karya ta duba ciki, sannan ta ja da baya ta tsaya kamar mai tunanin farashi. Ƙudaje take kallo. Idan suna sauka a kan tulin, sai ta fara tayi. Idan ta ga suna kewaye shi suna komawa rumfar maƙwabci, sai ta ce wa mai kayan, "Allah ya ba da kasuwa, Alhaji," ta bi su can.